Hawan Jan Ƙarfe a Gwajin Jini da Zaɓen Magungunan Ƙarin Sinadarai a Yankin da Gubar Dalma ta Shafa: Nazari a kan Bagega da Kewayenta

Tsakure

Wannan maƙala ta duba ma'anar hawan sinadarin jan ƙarfe a gwajin jini, da matakin da ya dace ma'aikacin lafiya ya ɗauka a kansa a Bagega da sauran garuruwan Anka da Bukkuyum, yankin da gubar dalma ta kashe yara aƙalla 400 tun daga 2010. An gina ta a kan binciken da aka wallafa game da annobar Zamfara, da ilimin yadda jiki ke sarrafa jan ƙarfe, da ƙa'idojin Hukumar Lafiya ta Duniya. Nazarin ya nuna cewa hawan jan ƙarfe a ruwan jini galibi alamar cuta ce mai kumburi, ko juna biyu, ko ƙwayoyin tazarar haihuwa, ba guba ba. Shan zinki da nufin sauke shi yana da haɗari, haka ma daina shan maganin awon ciki saboda shi. A wannan yanki matakin dalma da ƙarancin ayon da kalshiyam su ne ya kamata su ja ragamar zaɓen kowane ƙari.

Muhimman kalmomi: jan ƙarfe, dalma, seruloplasmin, zinki, ayon, Bagega

1.0 Gabatarwa

A watan Maris na 2010 ma'aikatan ƙungiyar likitoci ta MSF da ke bin sawun sanƙarau a Zamfara suka ci karo da abin da bai yi kama da sanƙarau ba. Ƙananan yara a 'Yargalma ta Bukkuyum da Dareta ta Anka suna amai, suna jijjiga, suna mutuwa, maganin zazzaɓi kuwa ba ya yi musu komai. Jinin da aka aika Turai ya dawo da amsa: dalma ce. Binciken da Dooyema da abokan aikinta suka wallafa a 2012 ya nuna cewa a ƙauyuka biyu kaɗai, yara 118 cikin 463 'yan ƙasa da shekara 5 sun rasu cikin shekara guda, kuma kashi 97 cikin 100 na waɗanda aka gwada suna da dalma maikirogiram 45 ko fiye a kowace desilita ta jini (µg/dL), matakin da ake fara ba yaro maganin fitar da guba.

Hanyar da gubar ta bi a tsakar gida take. Maza su haƙo dutsen zinare, a ɗauko shi a buhu zuwa gari, a farfasa da guduma, a niƙa a injin niƙan hatsi, ko mata su daka shi a turmin da za a daka gero anjima. A wanke garin, a haɗa shi da zaiba, sauran a shanya a ƙasa, daidai inda yaro ke rarrafe yana kai hannu baki. Plumlee da abokan aikinsa sun nuna a 2013 cewa dalmar da ke cikin waɗannan duwatsu ta riga ta rikiɗa zuwa nau'in da ke narkewa da sauƙi a ruwan tumbi.

Bagega ce mafi girma cikin garuruwa takwas da aka share ƙasarsu mai guba, ita ce kuma ta fi daɗewa tana jira. Gwamnatin Tarayya ta yi alƙawarin naira miliyan 850 a 2012, amma ba a saki kuɗin sharar Bagega ba sai ƙarshen Janairun 2013, bayan matsin lambar Human Rights Watch da gangamin Follow the Money. Duk tsawon lokacin yara kusan 1,500 suna zaune cikin ƙasa mai guba, MSF kuma ba ta iya fara magani ba, domin ba shi da amfani a wanke jinin yaro a mayar da shi inda ya kwaso gubar. Rahoton Tirima da abokan aikinsa na 2016 ya ce an kwashe gurɓatacciyar ƙasa fiye da kubik mita 27,000 daga gidaje da wuraren sarrafa dutse 820. A Fabrairun 2022 MSF ta miƙa aikin ga gwamnatin jiha.

Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. Magidancin da ya binne ɗansa saboda wani ƙarfe a jini, in aka miƙa masa takardar gwaji daga Gusau ko Sakkwato ya ga an ja layi a ƙarƙashin jan ƙarfe, ba zai ɗauka ƙaramin abu ba ne, kuma yana da gaskiya. Tambayar da wannan maƙala ta sa a gaba ita ce: me wannan lamba take nufi, kuma wane ƙari ya kamata a sha ko a bari saboda ita?

2.0 Hanyar Nazari

Nazari ne na abin da aka riga aka wallafa: rahotannin annobar Zamfara a mujallun Environmental Health Perspectives da PLoS Medicine, ma'aunin buƙatar sinadarai na Cibiyar Likitanci ta Amurka na 2001, ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2021 kan kula da masu dalma a jini, da gwaje-gwajen ƙarin ayon, zinki da kalshiyam a wasu ƙasashe. Misalin lissafin da ke sashe na 4 an ƙirƙire shi ne don bayani.

3.0 Jan Ƙarfe a Jikin Mutum

Bambanci na farko, kuma mafi girma, tsakanin ƙarafan biyu shi ne jiki ba ya buƙatar dalma ko ƙwayar zarra, amma ba ya rayuwa sai da jan ƙarfe. Baligi na ɗauke da miligiram 50 zuwa 120 a jikinsa, yana kuma buƙatar maikirogiram 900 a rana; mai juna biyu 1,000, mai shayarwa 1,300, yaro ɗan shekara 1 zuwa 3 kuwa 340. Iyakar da ba a so baligi ya wuce ita ce miligiram 10 a rana. Hanta, gyaɗa, riɗi, wake da waken suya duk suna da shi.

Jiki yana da ƙofofi biyu na tsare kansa. Ta farko hanji ne. Turnlund da abokan aikinta sun nuna a 1989 cewa in mutum na cin miligiram 0.8 a rana hanjinsa na tsotse kusan kashi 56 cikin 100, in kuwa abin ya kai miligiram 7.5 sai tsotsar ta sauka zuwa kusan kashi 12. Ta biyu hanta ce, wadda ke zubar da rarar cikin ruwan maɗaciya ta fita a bayan gida. Dalma ba ta da irin wannan mai gadi. Ƙaramin yaro na tsotse ninki huɗu zuwa biyar na abin da babba ke tsotsa, ta kuma je ta kwanta a ƙashi shekara da shekaru.

Abin da hanta ta saki cikin jini, mafi yawansa a ɗaure yake a jikin wani furotin mai suna seruloplasmin. Jan ƙarfen da ke ɗaure ba ya cutarwa. Hasali ma shi ke taimaka wa ayon ya fito daga ma'ajiyarsa a yi jini da shi. Gwajin da ɗakunan gwaji ke yi kuwa jimilla yake ƙirgawa, ɗaurarre da sakakke gaba ɗaya. Matakin da aka saba ɗauka daidai ga baligi yana tsakanin 70 zuwa 140 µg/dL, da ɗan bambanci daga wannan ɗakin gwaji zuwa wancan. Saboda haka duk abin da ya sa hanta ta ƙara yin seruloplasmin zai ɗaga lambar, ko da mutum bai ƙara cin komai ba.

4.0 Abubuwan da ke Ɗaga Lambar

Seruloplasmin na cikin furotin da hanta ke ƙara yi idan jiki na yaƙi da cuta. Zazzaɓin cizon sauro, tarin fuka, ciwon huhu, gyambon da ya ƙi warkewa, duk suna ɗaga shi, a lokaci guda kuma zinki da ayon suna sauka a ruwan jini domin jiki na janye su zuwa hanta. Wannan shi ya sa takardar marar lafiya kan nuna jan ƙarfe sama, zinki ƙasa, mai karatu da gaggawa ya ce ga guba ga ƙaranci, alhali zazzaɓi ne kawai ke magana. A damina, lokacin da sauro ya cika ƙauyukan Anka da Bukkuyum, gwajin jan ƙarfen da ba a haɗa shi da na zazzaɓi da na kumburi ba, wato CRP, kusan ba shi da fassara. Masu sikila ma an daɗe da sanin jan ƙarfensu kan hau, zinkinsu ya sauka, tun binciken Ananda Prasad a Amurka. Toshewar hanyar maɗaciya da wasu cututtukan hanta na ɗaga shi su ma.

Na biyu shi ne sinadarin mata na estirojin. A watannin ƙarshe na ciki jan ƙarfe kan ninka, wani lokaci ya haura haka, ya kuma sauka da kansa bayan haihuwa. Ƙwayoyin tazarar haihuwa masu estirojin suna yin irin wannan.

A ɗauki misalin mace mai cikin wata takwas da ta zo da sakamako 200 µg/dL. Kowane miligiram na seruloplasmin yana riƙe da jan ƙarfe kusan maikirogiram 3.15. In aka auna nata aka sami miligiram 60 a desilita, to ɗaurarren jan ƙarfenta 189 ne, sakakken 11 kacal, wanda bai kai 15 da ake ɗauka iyakar lafiya ba. Wannan baiwar Allah lafiyarta ƙalau ta wannan fuska. Lissafin ba ya rasa tangarɗa, domin wasu na'urori na ƙirga har seruloplasmin da babu jan ƙarfe a jikinsa, amma ya isa ya nuna cewa lamba ɗaya tilo ba hujja ba ce.

Akwai kuma kuskuren ɗiban jini, wanda a garin da ƙurar dutse ke yawo ba abin rainawa ba ne. Dalma a cikin jini gaba ɗayansa ake auna ta, domin a jajayen ƙwayoyi take zaune. Jan ƙarfe da zinki kuwa a tataccen ruwan jini, cikin kwalba ta musamman da aka tabbatar babu ƙarfe a jikinta. Jinin ɗan yatsan da ba a wanke da sabulu ba zai iya ba da lambar ƙurar da ke fata.

5.0 Inda Jan Ƙarfe ke Zama Guba da Gaske

Ba a kore yiwuwar guba ba. Duwatsun yankin Anka, ban da zinare da dalma, suna ɗauke da ma'adinan jan ƙarfe, kuma ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya ga ruwan sha miligiram 2 ne a lita. Sai dai gubar tana da kamanninta. Wanda ya sha gishirin jan ƙarfe mai launin shuɗi, irin na maganin feshi, zai zo da amai shuɗi ko kore, da murɗar ciki, da shawara, da fitsari baƙi saboda fashewar jajayen ƙwayoyi. Jarirai sun fi rauni: a Indiya an danganta wani mummunan ciwon hanta na yara da tafasa madara da ajiye ta a tukwanen tagulla, cutar ta ragu ƙwarai da aka sauya tukwanen.

Sai cutar Wilson, wadda likitan Ingila Kinnier Wilson ya bayyana a 1912. Cutar gado ce, tana kama kusan mutum 1 cikin 30,000, ta fi kuma bayyana inda auren zumunci ya yawaita. Hanta ce ke kasa zubar da jan ƙarfe, ya taru a cikinta da ƙwaƙwalwa. Abin lura shi ne a mafi yawan masu ita jimillar jan ƙarfen ruwan jini ƙasa take, ba sama ba, saboda seruloplasmin ɗinsu kaɗan ne. Ana gano ta da fitsarin awa 24, wanda kan haura maikirogiram 100, da zoben da likitan ido ke gani a gefen baƙin ido. Matashin da ke da ciwon hantar da ba a san dalilinsa ba, ko karkarwar hannu da sarƙewar magana, asibitin koyarwa ya kamata a tura shi, kamar na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato, ko me takardar jininsa ta nuna.

6.0 Zaɓen Ƙari a Ƙasar da ke da Dalma

6.1 Zinki

Nan ne haɗarin ya fi kusa, domin shawarar da aka fi yaɗawa ita ce a sha zinki ya sauke jan ƙarfe. Gaskiya ne yana saukewa. Zinki mai yawa na sa bangon hanji ya yi wani furotin da ke kama jan ƙarfe ya hana shi shiga jini, shi ya sa ake ba masu cutar Wilson. Amma ga wanda ba shi da rara, watanni na shan abin da ya wuce miligiram 40 a rana, iyakar baligi, na jawo ƙarancin jan ƙarfe: jini ya ragu, fararen ƙwayoyi masu kare jiki su ragu, laka ta taɓu har tafiya ta gagara, kuma ba kullum take komawa daidai ba. A yankin da dalma ta riga ta taɓa jini da jijiyoyin mutane, ƙara musu wannan ganganci ne babba. A ganina bai kamata mai kemis ya sayar da zinki don a sauke wata lamba ba.

Wannan bai shafi zinkin gudawa ba. Miligiram 20 a rana na kwana 10 zuwa 14, ko miligiram 10 ga jaririn da bai kai wata 6 ba, tare da ruwan gishiri da sukari, shi ne abin da Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suka tsayar tun 2004, yana kuma ceton rayuka. Gajeren lokaci ne, ba ya taɓa ma'ajiyar jan ƙarfe. Ƙarancin zinki na gaske ma yana nan, domin gero da dawa da masara na da sinadarin da ke riƙe shi a hanji. Jiƙa hatsi da barin gasara ta yi tsami, yadda ake yi wa koko, na rage wannan sinadari.

6.2 Ayon

Ayon da dalma ƙofa ɗaya suke bi a hanji. In jiki ya rasa ayon sai ya ƙara buɗe ƙofar, dalma ta samu hanya. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya sami ƙarancin jini a kashi 68 cikin 100 na ƙananan yaran Nijeriya, a Zamfara kuwa kashi 84, mafi yawa a ƙasar. Ba duka ne daga rashin ayon ba: zazzaɓi, tsutsar ciki, sikila da dalmar kanta, wadda ke toshe haɗa jini, duk suna ciki. Don haka kwalbar maganin ƙarin jini da uwa ke saya in ta ga tafin hannun yaro ya yi fari ba ta isa amsa ba sai an san dalili. Ƙa'idar 2021 ta ce a ba yaron da dalmarsa ta kai 5 µg/dL ayon in yana da ƙaranci ko ana kyautata zaton yana da shi. Sharuɗɗa biyu ne a kai. Gwajin tsibirin Pemba da Sazawal da abokan aikinsa suka wallafa a 2006 ya nuna ba yara ayon barkatai inda zazzaɓi ya yi katutu yana ƙara kwanciya asibiti da mutuwa, saboda haka dole a haɗa shi da gidan sauro da gwaji da maganin zazzaɓi. Yaro mai tamowa mai tsanani kuma ba a fara masa ayon a kwanakin farko na jinya.

Kada kuma a ɗora wa ƙari nauyin da ba zai iya ɗauka ba. A garin Torreón na Meziko, kusa da masana'antar narka ƙarfe, an ba yara 602 ayon ko zinki ko duka biyu. Sakamakon da aka wallafa a 2006 bai nuna wani sauƙin dalma ko ƙarin fahimi da za a jingina ga ƙarin ba. Abin da ya sauke dalma a Zamfara kwashe ƙasa ne da maganin DMSA, wanda Thurtle da abokan aikinta suka ba da rahoton zagaye 3,180 nasa a 2014.

6.3 Kalshiyam da Maganin Awon Ciki

'Yan matan da suka tsira a 2010 suna shekara 2 zuwa 5 yanzu sun kai shekarun aure da haihuwa. Wannan batu ya cancanci kulawa fiye da yadda yake samu. Dalmar da ta kwanta a ƙashinsu tana fitowa lokacin ciki da shayarwa, sa'ad da jiki ke ɗiban kalshiyam daga ƙashi, ta ratsa mahaifa ta isa ga ɗan tayi. A Meziko, Ettinger da abokan aikinta sun nuna a 2009 cewa miligiram 1,200 na kalshiyam a rana ya rage dalmar masu ciki da kusan kashi 11 cikin 100. Ragin ba shi da yawa, amma maganin na da sauƙin kuɗi, yana kuma kare mace daga hawan jinin ciki da jijjigar haihuwa. A raba lokacin shansa da na ayon. Nono da kindirmo, miyar kuka, zogale da ƙananan kifi da ake ci da ƙashinsu su ne tushensa a abinci.

Ƙwayar awon ciki mai haɗin sinadarai 15 tana ɗauke da ayon miligiram 30, zinki 15, da jan ƙarfe 2. Mai cikin da ta ga jan ƙarfenta ya hau, ta kuma ji an karanta mata sunansa a jikin kwalba, za ta iya ajiye maganin. In ta yi haka ta yi asarar ayon a daidai lokacin da rashinsa ke buɗe wa dalma hanya, don gudun miligiram 2 da ba su kai kusa da iyaka ba. Mai cutar Wilson ko ciwon hanta mai toshe maɗaciya kaɗai ke buƙatar a sauya mata zuwa ayon da folik zalla.

6.4 Ƙarin da Shi Kansa ke Ɗauke da Guba

An sha samun dalma a kalshiyam da aka yi da garin ƙashi ko ɓawon kawa. A Boston, Saper da abokan aikinsa sun gwada magungunan gargajiyar Indiya 70 a binciken da suka wallafa a 2004, suka sami dalma ko zaiba ko asenik a 14. Farar ƙasar da wasu masu ciki ke ci, da kwallin dutse da ake sa wa jarirai, wanda asalinsa ma'adinin dalma ne, suna cikin wannan sahu. Duk maganin da aka ce yana wanke ƙarafa daga jini, babu lambar NAFDAC, babu jerin abin da ke ciki da adadinsa, a bar shi.

7.0 Shawarwari

Ma'aikacin lafiyar da aka kawo wa irin wannan takarda ya fara da tambayoyi uku: akwai ciki, ana shan ƙwayar tazara, an yi zazzaɓi ko tari kwanan nan? Ya duba ido da hanta. In babu alamar ciwon hanta ko na jijiya, a yi maganin cutar da ke akwai, a sake gwaji bayan an warke da 'yan makonni, tare da seruloplasmin da CRP. Kada a ba da zinki, kada a tsayar da maganin awon ciki. Kafin mai takardar ya tashi, a tambaye shi ko ana niƙa dutse a gidansu, kuma yaushe aka yi wa yaransa gwajin dalma na ƙarshe.

Gwamnatin Tarayya ta ɗage haramcin haƙar ma'adinai a Zamfara a Disambar 2024, bayan fiye da shekara biyar, MSF kuma ta riga ta miƙa aikin. Nauyin yanzu yana wuyan Ma'aikatar Lafiya ta jiha da ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum. Muna kira gare su da su sa gwajin dalma cikin awon ciki na farko ga duk macen da ta tashi a garuruwan nan takwas, su kuma tabbatar kalshiyam da ayon ba sa yankewa a asibitocin yankin.